Sony a6000 ko Olympus E-M5 Mark II? Tambayoyi da amsoshi ga mai neman kamara ta hannu a Damagaram

Na daɗe ina sana'ar hoto a garin nan, daga bukin aure a Sabon Gari har hawan Sallah a ƙofar fada a Birni. A ƴan shekarun nan babu kamarorin da matasa ke kawo mini in duba musu kamar guda biyu: Sony a6000 da Olympus OM-D E-M5 Mark II. Duka biyun sun kwana biyu a duniya, kuɗinsu ya sauko inda mai ƙaramin ƙarfi zai iya kaiwa, kuma duka biyun na yi aiki da su har na san halinsu. Tambayoyin nan su ne waɗanda ake yawan maimaita mini, wasu a shago, wasu a fada wajen shayi, wasu ta salula da dare.

Malam, da farko ma, mece ce kamara marar madubi?

Manyan Canon da Nikon da muka taso muka gani a wuyan magabatanmu suna da madubi a ciki. Haske ya shigo ta gilashin gaba, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da kake leƙawa. In ka danna, madubin ya ɗaga, labule, wato ƴar ƙofar da ke tare haske a ciki, ya buɗe, hasken ya sauka kan sensa, wato farantin da ke kama hoton. A marar madubi an cire wannan madubin gaba ɗaya. Haske yana sauka kan sensa kai tsaye, abin da kake gani a tagar leƙe kuwa wani ɗan ƙaramin allo ne. Panasonic ce ta fara fito da irinta a 2008, Sony ta biyo baya a 2010 da jerin NEX.

Cire madubin ya jawo abu biyu. Na farko, kana ganin hasken hotonka da launinsa tun kafin ka danna. Na biyu, da zarar ka kwance gilashin gaba, sensa tana nan a fili, ba abin da ya tare ta daga iska. Ka riƙe wannan na biyun, domin a garinmu shi ne rabin zancen.

To wacce ta fi? Ka faɗa mini gaskiya.

Ba zan ce maka duka suna da kyau in sallame ka ba. Ka tambayi kanka abu guda: a aikin da za ka yi, me ke motsi, abin da kake ɗauka ne ko hannunka?

In abin da ke gabanka ne ke gudu, doki ko ɗan kokowa ko yaro mai ƙiriniya ko masu rawa, Sony ta fi. In kai ne ke yawo, kamara a hannu ba mai ƙafa uku, kana ɗaukar bidiyo kana tafiya, kana shiga ƙauyuka cikin hazo, Olympus ta fi. Sony ta zuba ƙarfinta wajen saurin fokas da girman sensa. Olympus ta zuba nata wajen kashe rawar hannu da toshe duk wata kafa da ƙura ko ruwa za su bi.

Ni dai mafi yawan kwanakin shekara Olympus ce a wuyana. Sony tana fitowa ranar dawakai da daren buki. Amma matashin da zai ci abinci da kamara ɗaya tak, aikinsa kuma buki da suna, sau da yawa Sony nake nuna masa, saboda batirinta da gilasanta sun fi yawo a hannun mutane.

An ce Sony megafiksel 24 ce, Olympus 16. Ai magana ta ƙare ke nan?

Ba ta ƙare ba, ƙanena. Hoton Sony ɗigo 6000 ne a 4000, na Olympus 4608 a 3456. Takarda mai girman A4, in ana son ta fito tsaf, ɗigon da take buƙata bai kai miliyan 9 ba. WhatsApp da Facebook kuwa matse hoto suke yi har ya koma ƙasa da haka sosai. Amaryar da za ta rataye hotonta a ɗaki ba za ta taɓa gane da wacce aka ɗauke ta ba.

Inda bambancin yake shi ne girman sensa. Ta Sony milimita 23.5 ce a 15.6, ta Olympus 17.3 a 13. Filin ta Sony ya fi da wajen kashi 60 cikin 100, don haka tana tara haske fiye da ƴar'uwarta, kuma ta fi narkar da bayan mutum a hoton fuska. Yawan ɗigon yana amfani ne idan ka tsaya nesa, kana so ka yanko mahayi guda daga cikin ayari.

Akwai wani ƙaramin abu da masu wanki suka sani. Siffar hoton Sony uku a biyu ce, daidai da kati mai santimita 10 a 15. Na Olympus huɗu a uku ne, ya fi kusa da murabba'i. In ka ɗauki hoto a kwance da Olympus, ka bar sarari a sama da ƙasa, in ba haka ba ranar wanki za a yanke wa Alhaji hula, a yanke wa Hajiya ɗaurin ɗankwali.

Hawan Sallah nake so in riƙa ɗauka, da sukuwa, da kokowa a filin Langa-Langa.

Sony, ba tare da dogon tunani ba. A kan sensarta akwai wurare 179 da ke auna nisa. Suna gane ko abin da kake bi yana gaba ko yana baya, da iyakar yadda gilashi zai matsa, sai ya tafi can kai tsaye. Tana ɗaukar hoto 11 a daƙiƙa guda, fokas yana biye da dokin. Olympus wurarenta 81 ne, kuma lalube take yi: ta matsa gaba, ta dawo baya, har layukan hoton su fito. Ga abin da ke tsaye tana da sauri ƙwarai. Ga dokin da aka sako a guje don yin jafi a gaban Mai Martaba, yana tunkaro ka, laluben nan ne ke sa rabin hotunanka su fito dishi-dishi. Tana iya hoto 10 a daƙiƙa, amma fokas ɗin yana maƙale ne inda na farko ya kama. In kana so ya bi abin, sai ta sauko zuwa 5.

Wanda ya riga ya mallaki Olympus kada ya karaya. Ya tsaya ta gefen hanya, inda dawakai za su gifta ba su tunkaro shi ba. Ya zaɓi wani wuri a ƙasa, ya kama fokas a nan, ya jira su iso. Haka magabatanmu suka yi da kamarorin da ba su da fokas na kansu, kuma hotunansu suna nan rataye a gidaje.

Ƙurar hunturu fa? Abokina ya ce hotunansa duk sun cika da baƙaƙen ɗigo a sararin sama.

A nan ne nake so ka ba ni aron kunnenka, don wannan ne abin da masu gwada kamara a Turai ba sa damuwa da shi, mu kuwa da shi muke kwana muke tashi daga Nuwamba har Maris. Bayan nan kuma ga iskar da ke gabatar ruwan farko na damina, wadda ke rufe gari da jar ƙasa cikin ƴan mintoci.

Ɗigon da abokinka ke gani ƙura ce ta zauna kan sensa. Jikin E-M5 Mark II na ƙarfen magnisiyam ne, an sa roba a bakin maɓallai da ƙofofi don hana ƙura da yayyafi shiga. Bayan haka, duk lokacin da ka kunna ta, wani siririn gilashi da ke gaban sensa yana kaɗawa da sauri ya kakkaɓe abin da ya zauna. Olympus ta fito da wannan dabara tun 2003, kuma a cikin duk kamarorin da na riƙe ban ga mai kakkaɓe ƙura kamar ta ba. Ita a6000 ba a toshe jikinta ba. Tana da nata tsarin kakkaɓewa, amma a hannuna bai kama ƙafar na Olympus ba. A lokacin hazo kusan kowane mako sai na hura sensar Sony, Olympus kuwa sai in yi watanni ban leƙa ba.

Sai dai kada a ruɗe ka da cewa jikin a toshe yake. Toshewar ba ta cika sai gilashin ma na toshe ne. A gilasan Olympus, 12-40mm f/2.8 PRO da 12-50mm da 14-150mm na biyu suna da robar. Ƙaramin 14-42mm da ake yawan haɗawa da ita ba shi da ita, haka ma 45mm f/1.8. Wanda ya ɗora gilashi marar roba a kan jiki mai roba, ya kulle ƙofa ne ya bar taga a buɗe.

A ɓangaren Sony, abin da na fi tsoro shi ne ƙaramin gilashin nan 16-50mm. Da injin lantarki yake fitowa duk sanda aka kunna, ya koma ciki in an kashe. Ƙwayar rairayi guda ta shiga tsakanin zobbansa, sai ya cije, kamara ta ce ba ta gane gilashi ba. Na ga wannan ya faru sau da dama.

Ko wacce ka saya, ɗabi'arka ce za ta tsare ta. Kada ka sauya gilashi a waje lokacin hazo. In dole ta kama, ka shiga ɗaki ko mota, ka kashe kamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka gama cikin ƴan daƙiƙu. Ka mallaki famfon roba na hura iska. Kada ka hura da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. Kada ka goge da bakin riga ko rawani, domin ƙurarmu rairayi ce, karce take yi. Ka sa farin gilashin kariya a gaba: na 16-50mm milimita 40.5 ne, na 12-40mm 62, na 45mm 37. In ka hau kabu-kabu, kamara ta shiga jaka, ba a wuya ba. A gida kuma ta kwana cikin roba mai murfi.

Bukin dare fa, inda wuta ƙwai biyu ne a tsakar gida?

Nan ma tambayar ɗazu ce: wa ke motsi? Sensar Olympus tana shawagi ne a cikin jiki, tana gyara rawar hannu ta fuska biyar, da kowane gilashi ka ɗora mata, ko da tsohon gilashin zamanin fim ne. A hannuna nakan ɗauki hoto labule a buɗe kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, ya fito garau. Masallaci da dare, mai tsire gaban fitilarsa, lungunan Birni bayan magariba, duk wannan gonar Olympus ce.

Amma wannan dabara hannunka kawai take tsayarwa, ba ta tsayar da ƙawayen amarya in kiɗa ya yi daɗi. Mai rawa yana buƙatar labule ya rufe da sauri, 1/200 ko fiye, dole ka ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, a nan kuma babbar sensa take nuna kanta. A idona, Sony a 3200 tana kusa da Olympus a 1600. Ita Sony ba ta da mai kashe rawar hannu a jiki, sai a gilasan da aka rubuta wa OSS.

Maganin gaskiya ga su biyun shi ne gilashi mai faɗin buɗi da filashi. Ƙaramin filashin da ke jikin Sony bai wuce mutum biyu ko uku a kusa ba. Olympus ba ta da na jiki, amma a kwalinta akwai wani ɗan ƙarami, FL-LM3, mai karkata sama, wanda yakan ɓace kafin kamara ta iso hannu na biyu, don haka ka tambaya. In za ka sayi na Godox irin TT350, ka lura da harafin ƙarshe: S na Sony ne, O na Olympus da Panasonic.

Yaya, ni bidiyo ne a gabana, hira da mutane da ƴan gajerun finafinai.

Babu mai 4K a cikinsu, iyakarsu 1080, kuma kowacce tana yanke ɗauka kafin minti 30 ya cika. Mai son naɗar tafsiri na awa biyu ba tsayawa ya nemi wata na'urar.

Ga hira da ɗauka a hannu, Olympus ce zaɓina. Tana da ramin makirufo, allonta yana buɗewa gefe ya juyo gaba, kuma kana iya tafiya da ita cikin Kasuwar Dole hoton bai yi ta tsalle ba. Rashin ramin makirufo a a6000 babban giɓi ne. Sai dai ka nemi makirufon Sony mai hawa kan mazaunin filashi, ko ka naɗi murya daban da salula ka haɗa a kwamfuta. Abin da Sony ta fi shi ne riƙe fokas kan fuskar mai tahowa. Olympus takan saki ta sake kamawa, don haka a hira nakan kulle mata fokas da hannu.

Zafi ma abin dubawa ne. Kamfanonin biyu sun rubuta cewa iyakar aikinsu digiri 40 ne, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce nan. Sony ta fi saurin nuna alamar zafi ta kashe kanta a doguwar ɗauka. Ka janye allonta daga jiki don iska ta ratsa, ka tsaya a inuwa, ka kashe ta tsakanin ɗauka da ɗauka. Ka kuma duba ko manhajar cikinta ta kai 2.00, wadda ta fito a 2015 ta ƙara mata tsarin XAVC S, mai kyau fiye da na da. Yana buƙatar katin SDXC, daga giga 64.

Sai batun ƙyaftawar wuta. Lantarkinmu na bugawa sau 50 a daƙiƙa, na Amurka 60. Sony da aka yi don kasuwar Amurka ba ta juyawa zuwa hoto 25 ko 50 a daƙiƙa a bidiyo, sai ka ga ratsi-ratsi suna yawo a bidiyon da ka ɗauka ƙarƙashin wasu fitilu. In irinta ce a hannunka, sa labule a 1/100. Olympus tana da duka ma'aunan a cikinta.

Baƙar fata cikin farar shadda da tsakar rana: wacce ba ta ƙona rigar?

Wannan jarabawar kowane mai hoto ce a ƙasar Hausa. Ka gyara fuska, shadda ta zama farar takarda ba aikin zare, ka gyara shadda, fuska ta nutse. Sony tana da ɗan rinjaye in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta gyara ba, domin za ka iya tono inuwa a kwamfuta ba tare da ta yi yashi sosai ba. In kuwa kai tsaye kake tura hoto daga kamara zuwa salular mai shi, launin Olympus ya fi kwanta mini a kan fatarmu, Sony takan ɗan ja zuwa kore ƙarƙashin wasu fitilu. Duka biyun suna iya nuna maka wurin da ya ƙone tun kafin ka danna, ka kunna wannan gargaɗin. Bayan haka ka kai mutumin inuwar bango ko ta dogon yaro, ko ka watsa masa filashi kaɗan a fuska. Wannan ya fi kowace sensa aiki.

Batir fa, ga ɗaukewar wuta a bazara?

Kowacce hoto ɗari uku da ƴan kai take yi a caji guda: a ƙa'idar gwaji 360 ga Sony, 310 ga Olympus. Tsohon batir ba zai kai haka ba. Buki guda yana cin batir uku.

Sony tana caji ta wayar USB a jikinta idan tana kashe, don haka fawabank ko batirin sola ya wadatar. Batirinta NP-FW50 ne, wanda ya yi aiki a NEX da a5000 da a6300 da a6400 da a7 na farko da na biyu, shi ya sa ba ya wuyar samu. Olympus ba ta caji a jiki, sai da cajarta ta bango, batirinta kuma BLN-1, kamarori kaɗan ne suka yi amfani da shi. Mafita ita ce caja ta waje mai shan wuta daga USB, mai ɗaukar batir biyu. Ka sa a haɗo maka da ita tun ranar saye. Batirin da ya kumbura har yana cijewa a raminsa, ka rabu da shi a ranar.

Wane gilashi zan fara da shi?

Lambar da ke jikin gilashi ba ta nufin abu guda a kamarorin biyu. A Sony ka ninka da ɗaya da rabi, a Olympus ka ninka da biyu, sannan ka kwatanta. Ta haka 16-50mm na Sony da 12-40mm na Olympus kusan fili ɗaya suke gani, ko da yake na Olympus ya fi shi nesa ba kusa ba wajen kaifi da haske, ya kuma fi shi nauyi da tsada.

Ga hoton fuska, 50mm f/1.8 OSS a Sony, 45mm f/1.8 a Olympus. Ga cikin ɗaki, Sigma 30mm f/1.4 a Sony, Panasonic 25mm f/1.7 a Olympus, domin gilasan Panasonic na wannan tsari suna hawa Olympus ba tare da wani mahaɗi ba. Ga dawakai daga nesa, 55-210mm a Sony, 40-150mm f/4-5.6 a Olympus, wanda ba shi da nauyi ko kaɗan.

Ra'ayina a nan mai ƙarfi ne. Sony da ƙaramin 16-50mm shi kaɗai ba za ta nuna maka abin da ka biya kuɗi dominsa ba. In aka ajiye mini a6000 da 16-50mm, gefe guda kuma E-M5 Mark II da 12-40mm ko 45mm a kuɗi ɗaya, Olympus zan ɗauka ko da aikina buki ne.

Na ji an ce kamfanin Olympus ya daina kamara.

Ya sayar da sashen ne. Daga Janairun 2021 sashen ya koma wani kamfani mai suna OM Digital Solutions, yana fitar da kaya da sunan OM System. Bakin da gilashi ke hawa bai sauya ba, Panasonic ma tana nan tana yin gilasan wannan tsari.

Me zan duba kafin in miƙa kuɗi?

Kada ka yi cinikin biri a sama. In daga Kano ko Yamai ko Kwatano za a aiko, a yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida, ko wanda ka amince da idonsa ya duba a can.

Fara da tabbatar da sunan. A ƙarƙashin Sony za ka ga ILCE-6000. Su a5000 da a5100 suna kama da ita amma ba su da tagar leƙe, a ranar Damagaram kuwa allo kaɗai ba ya ganuwa. A Olympus akwai E-M5 ta farko ta 2012, wadda allonta sama da ƙasa kawai yake karkata, da E-M10 Mark II wadda jikinta ba a toshe yake ba. Ta 2015 da muke magana a kai, allonta gefe yake buɗewa kamar ƙofa.

Sa buɗin gilashi a f/16, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka faɗaɗa hoton. Ɗigo-ɗigo ƙura ce, tana fita. Dogon layi karce ne, ka bar musu kayansu. Kwance gilashin ka haska shi da tocilan salula. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, kuma kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku sun fi kamuwa da ita. Murɗa kowane maɓalli mai juyawa sannu a hankali, ka ga ko lambobi suna tsallake. A Olympus ka ja ƙarafan da ake ɗaura igiyar wuya, ka ji ko suna girgiɗi, ka duba robar tagar leƙe, takan faɗi. A Sony ka duba ramin USB, tunda ta nan take cin abinci, ka kunna ka kashe sau goma kana kallon yadda gilashin ke fita da komawa. Ka ɗauki bidiyo na minti goma a gabansa. Ka haɗa ta da salularka ta Wi-Fi, duka biyun suna da shi.

Yawan dannawar da labule ya sha ma ana iya sani. A Olympus akwai wani ɓoyayyen shafi a cikin saitinta, a Sony kuma ana karantawa daga hoton da ba a taɓa shi ba. Mai sayarwar da ya ƙi a duba, ya ba ka amsa.

Za ta yi Faransanci?

Olympus tana ɗauke da harsuna masu yawa, har da Faransanci da Ingilishi. Sony ta danganta da ƙasar da aka yi ta dominta, kuma wadda aka yi don cikin Japan harshen Japan kaɗai take yi. Ka buɗe ka gani da idonka.

Nawa ya kamata in biya?

Ranar fitowarsu, jikin a6000 dala 650 na Amurka ne a 2014, na E-M5 Mark II dala 1,100 a 2015. Wato Olympus kamara ce ta aji na sama wadda tsufa ya sauko da ita, Sony kuwa tun asali an yi ta ne don jama'a. Kuɗin ta hannu yana bin lafiyarta da abin da ke tare da ita. In ɗan'uwa zai riƙo maka daga Faransa lissafin a tsaye yake, yuro guda sefa 655.957 ne, yuro 100 ya kama kusan sefa 65,600. Abin da nake roƙon kowa shi ne kada ya ƙarar da jarinsa a jiki. Ware kashi ɗaya cikin uku don batir biyu, caja, kati na gaske, famfon iska da gilashin kariya. Katin jabu ya cika kasuwa, kuma kowace ɗayansu ramin kati guda gare ta. In ya mutu, bukin mutane ya tafi. Ka kwashe hotuna a daren da ka ɗauka.

Malam, ni ɗinki nake sayarwa da turaren wuta da kayan fata na dukawa. Hoton kaya kawai nake so.

Hajiya, kayanki ba sa gudu, don haka Olympus ce taki. Allonta ana taɓa shi da yatsa a nuna inda ake son fokas, na Sony ba ya jin yatsa. Tana kuma da wata baiwa: in aka kafa ta a kan mai ƙafa uku, tana ɗaukar hoto takwas tana gusa sensa kaɗan-kaɗan, ta haɗa su hoto guda mai megafiksel 40. Zaren aikin wuyan riga da ɗinkin jakar fata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da wannan ne nake ɗaukar tsofaffin takardun ajami da zanen bangon gidajen Birni da Zango. Sharaɗinsa kada komai ya motsa, ko labulen ɗaki. Ki ajiye kayan kusa da ƙofa da hantsi, ki shimfiɗa farin yadi, kin gama.

A wurin ɗaurin aure cikin masallaci, ƙarar dannawa tana damun mutane.

Olympus tana da ɗauka marar sauti ko kaɗan. Sony a6000 ba ta da shi. Amma shirun kamara bai ɗauke maka neman izini ba, musamman wajen malamai da cikin gida wajen mata.

In ta lalace, wa zai gyara?

Wannan ne rauninmu, kuma ya shafi su biyun. Na taɓa ba wani mai gyaran salula kamara don ya fitar mini da ƙura, ya goge sensar da ƙyalle, ta dawo da karce daga gefe zuwa gefe. Har yau abin yana ci mini rai, don aikin wata biyu ne ya tafi. Sensa ana share ta ne da sandar shara ta musamman mai daidai da faɗinta da ruwanta na musamman, ta Sony daban ta Olympus daban. Gyaran da ya wuce wannan, a kai wa wanda kamara ce sana'arsa, ko da sai an yi tafiya.

Na saya, gobe Sallah. Yaya zan saita?

Yau da dare ka cika batir duka, ka goge katin daga cikin kamarar, ka ɗaura dogon gilashi tun a ɗaki, don ba za ka kwance shi ba sai ka dawo gida. Juya maɓallin sama zuwa S, sa labule a 1/1000, bar ISO ta zaɓi kanta. A Sony sa fokas mai bi, AF-C, da ɗauka a jere mafi sauri, ka riƙa saki bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu don kati ya numfasa. A Olympus ka nemi gefen hanya, ka kama fokas a wurin da kofato zai sauka. Rage haske kaɗan saboda fararen rawuna, jan da koren kayan dogarai ma sun fi fitowa a haka. Ka tsaya rana tana bayanka, iska kuma tana kai ƙurar dawakai gaba, ba kanka ba. Tsakanin ayari da ayari ka rufe kamarar da ƙyalle mai tsabta. In ka koma gida, ka fara hure jikinta da famfo, ka goge da ɗan ƙyalle mai laima, sannan ka buɗe ƙofar kati.